Katin Kwamfuta da Idon Baba

Tun da na dawo ba ku bar ni na huta ba. In na zauna majalisarmu ta bakin tasha a Tambuwal, sai wani ya ce, "Umaru, ba mu labarin Amurka." In na je ɗaurin aure Jabo tambayar ke nan, in na tafi gida Kebbe ita ce dai. Wani so yake ya ji ko da gaske ƙanƙara na zubowa daga sama, wani ko sun sa ni na shiga coci, wani kuma sai na rantse masa ban ci alade ba. Na gaji da maimaitawa, kuma duk sanda na fara sai ku katse ni da dariya tun ban kai inda labarin yake ba. Shi ya sa na ce bari in rubuta shi sau ɗaya, wanda ya tambaya in miƙa masa, in ja bakina in yi shiru.

Ina akawu a ofishin baitulmali lokacin da kuɗin man fetur suka shigo, aka ba mu jiharmu ta Sakkwato. A shekarun nan gwamnati neman wanda za ta tura waje take yi ido rufe, duk mai 'yar takardar difloma in bai ɓuya ba sai an tura shi. Ni aka ce in tafi Amurka in yi digiri a harkar kasuwanci, a haɗa mini da koyon aiki da kwamfuta, wai nan gaba injin ne zai riƙa lissafin albashi da haraji. Ban taɓa ganin kwamfuta ba, wanda ya sa mini hannu ma bai taɓa gani ba. Jami'ar da aka samo mini ta Kiristoci ce, a wani ɗan gari can tsakiyar ƙasar. Ba don wani dalili aka zaɓe ta ba sai don ita ce ta fara ba da amsa.

Sai dai tafiyar ba a hannun gwamnati take ba, a hannun Baba take. Baba malami ne a Kebbe, mahaifinsa ma haka, kuma sunan kakan nan aka sa mini, shi ya sa Baba ba ya kama sunana, sai dai ya ce Mai sunan Malam. Akwai wani littafin fiƙihu da kaka ya kwafe da hannunsa, warƙa-warƙa, wato takardu ba ɗinki, ajiye cikin gafaka. Littafin kansa ba abin wahala ba ne, ana samun bugagge a kasuwar Sakkwato. Abin da ba a samu ko'ina shi ne hashiyarsa, wato bayanin da kaka ya bi gefen kowace warƙa ya rubuta: abin da ya ji daga malamansa, da yadda ya raba gardamar gona ko ta gado a garuruwanmu. Rubutun ƙanana ne ƙwarai, ba ɗigo ba wasali, rabin kalma nan, alama can. Duk duniya Baba kaɗai ke iya karanta shi, don a gaban mai shi ya koya. Ɗaliban Baba duk kuɗin kwangila sun janye su birni, ƙanena Sani kuwa tun da ya kama sitiyarin mota bai sake waiwayar allo ba. Ni ne nake hawa babur duk ƙarshen mako in je Kebbe, Baba ya karanta mini hashiyar, in kwafe da manyan baƙaƙe. Mun ci nisa, saura babin gado da abin da ke bayansa.

Na durƙusa a zaure na gaya masa. Na fara da abin da na zaci zai fi ɓata masa rai.

"Makarantar Kiristoci ta, Baba."

"Wanga ba shi ad damuwata ba," in ji shi. "Na san abin da niz zuba maka. Idona ad damuwata."

Na sani. Mun kai shi asibiti Sakkwato, likita ya ce ba yanar ido ba ce balle a kankare, jijiyar ce ke mutuwa a hankali. Na ce ko mu yi sauri mu ƙare kafin in tashi. Ya girgiza kai.

"Abin da Malam yab ba ni cikin shekara, ba ni iya ɗura maka shi cikin wata. Hashiyag ga ban haddace ta ba, da ido nika karanta ta. Shekara nawa sunka ce?"

"Biyu."

"Biyu idon na iya kaiwa, in Allah ya so. Uku ban sani ba. Tafi, Mai sunan Malam, amma ka dawo tun ina ganin rubutun Malam."

Ku riƙe wannan maganar, don ita na ɗauka na tafi da ita, ta fi akwatina nauyi.

Da damina muka tashi. Sani ne ya ɗauko ni a motar kayan da yake ja, kuma ba mu yi nisa da Kebbe ba ta kafe a laka. Na fito da farar rigar da Inna ta sa aka ɗinka mini don in shiga Amurka da mutunci, na sa kafaɗa muka tura. Da na isa Tambuwal wasunku sun gan ni, ba sai na faɗi kalar rigar ba. Daga nan Sakkwato, daga Sakkwato Kano, inda na yi kwanaki ina zarya ofis-ofis, wannan ya ce mai sa hannu ya tafi Legas, wancan ya ce in dawo bayan salla. Ranar da na hau jirgi ban ji tsoro ba, ban ji murna ba. Barci kawai nake ji.

A kan iyakarsu wani ƙaton ma'aikaci ya buɗe akwatina. Ya ɗaga kilishi ya jefa cikin wani bokiti, ko kallona bai yi ba. Ya kwance ƙullin daddawar Inna, ya kai hanci, sai na ga ya ja da baya yana ƙifta ido. Ya tambaye ni ko wani abu ne ya mutu a ciki. Na ce abin miya ne. Ya ce to ba a ƙasarsu ba. Kuka da yaji ya juya su ya juya, ya kira wani, su biyu suka yi shawara kamar masu raba gado, sannan suka bar mini. Na tsaya ina kallon daddawar nan cikin bokiti, na tuna Inna ta yi kwanaki tana fama da ita.

Sai doguwar bas, wuni da kwana. Masara hagu, masara dama, iya ganinka, amma ba manomi ko ɗaya. A wurinmu gona irin wannan sai an yi gayyar gari guda. Na tambayi tsohon da ke kusa da ni ina mutanen, ya nuna mini wani inji can nesa, ya koma barcinsa.

Da na sauka ban san gabas ba ban san yamma ba, sai na ji an ce, "Sannu da zuwa, ɗan'uwa." Na waiga kamar wanda aka mara. Bitrus ke nan, mutumin Filato, ya zo karatun zama fasto tare da matarsa Rahila. Makaranta ce ta turo shi ya tarbe ni. Da ya ji na ce "mi kac ce?" ya yi dariya har da riƙe ciki, daga ranar bai sake kirana da sunana ba, sai dai Sakkwato. Duk garin mu uku ne masu jin Hausa.

Tunda kuna son jin maganar coci, to ga ta. Ranar farko aka ba ni takarda in sa hannu: ba giya, ba taba, ba caca, ba rawa. Na ce wa Bitrus wannan takarda da Baba ya gan ta da kansa zai sa mata hannu. Shiga majami'ar makaranta dole ne ga kowane ɗalibi a wasu ranakun mako, kowa da lambar kujerarsa. Tawa tana can baya kusa da ƙofa. Nakan zauna, su yi waƙoƙinsu, su tashi in tashi, su zauna in zauna, ba wanda ya taɓa cewa in buɗe baki. Sun ba ni wani ɗan ɗaki a bayan laburare nake salla. Akwai dai wata dattijuwa da ta ɗauki alwashin sai ta ceto ni, kullum ta tare ni da 'yan takardu da biskit. Biskit ɗin nakan ci.

Abin da ya fi gajiyar da ni ba addini ba ne, gaisuwa ce. Mutum zai tambaye ka yaya kake, kafin ka buɗe baki ya yi gaba. Farkon zuwana nakan tsaya in fara ba da amsa, in tambayi gida da iyali, sai in ga da bango nake magana. Kowa yana maka murmushi, amma ba mai shigo maka ɗaki ba tare da ya sa rana ba. In sun gayyace ka cin abinci, kare na kan kujera, maigida na wanke kwanuka, ɗansa na kiran limaminsu da sunansa tsirara. Abincin kuwa ko zaƙi ko sanyi, nama ma sai su zuba masa sukari. Da ƙwai da burodi da kifi na rayu, sai ranar Lahadi da yamma Rahila ta tuƙa mana tuwon masara da miyar kukar da ta tsira a kan iyaka. Ba daddawa, amma ba mai magana sai mun suɗe kwano.

Darussan kasuwanci ba su ba ni wahala ba, aikin baitulmali ne aka sa wa kwat. Kwamfuta ce ta tsufar da ni. Kada ku zaci wani akwati ne da za ka zauna gabansa. Ɗaki guda ne cike da ƙarafa, a bayan gilashi, ga sanyi an sakar masa ya fi na waje, kuma ɗalibi ba ya taɓa shi. Kai naka shi ne ka zauna gaban wani inji mai kama da tafireta, ka buga umarninka layi-layi. Kowane layi kati guda ne, injin ya huda shi da ƙananan ramuka. In katunan sun taru sai ka jera su daki-daki, ka ɗaure da roba, ka miƙa ta taga, ka tafi. Washegari ka dawo a ba ka doguwar takarda. Sau da yawa layi ɗaya ne a kanta, yana cewa ka yi kuskure. Waƙafi guda ka manta, shi ke nan wuni ya tafi. Mutum ko ka yi tuntuɓen harshe yakan gane nufinka, amma wannan abu ba kara ba kunya.

Malamarmu wata tsohuwa ce, Misis Hansin, siririya, ba ta dariya amma ba ta da mugunta. Kafin ta fara darasi takan rufe ido ta roƙi Allah ya sa mu zama masu amana a kan dukiyar mutane. Wannan kam nakan ce amin a zuciyata, don na san ofisoshin da ke buƙatar addu'ar.

Yanzu ga inda labarin yake. Duk sanda za ka miƙa aiki, a taga za a ba ka sabon jan kati mai lambarka, ka ɗora shi a kan sauran, shi ne na farko da injin zai karanta. Ni kuwa tun ina yaro ban taɓa fara rubutu ba, a allo ko a takarda, sai na sa Bisimilla a sama. Hannuna ne ke yi, ba sai na yi tunani ba. To haka na riƙa rubuta ta da biro a saman jan katin nan. Ban san in an gama ana zare jajayen a watsar ba, sai ranar da na ga nawa a ƙasa, an bi ta kansa da takalmi mai laka. Na ɗauka na goge, na roƙi masu taga su riƙa maido mini da nawa, na samo kwalin takalmi na riƙa tarawa.

Bitrus ya ce, "Sakkwato, ka faɗa da baki mana. Dole ne sai ka rubuta?" Na gwada sau ɗaya. Ranar kuwa injin ya tauna katunan nawa kaf, sai da na sake bugawa daga farko. Ban ƙara gwadawa ba.

Labarin gida a kaset yake zuwa. Sani ya ɗauki muryar kowa, in an samu mai tafiya Kano a jefa a gidan waya. Inna ta yi ta addu'a, yara su yi ta ihu, Baba ne na ƙarshe kuma ba ya tsawaitawa. A shekarar farko ya ce idon hagu ya tafi, amma na dama na nan. A ta biyu ya ce yanzu sai da hantsi yake fitar da gafaka tsakar gida, in rana ta yi ƙarfi, ya kawo warƙa kusa da hanci. Nakan mayar da kaset ɗin baya in sake saurara, ina auna muryarsa ko akwai abin da ya ɓoye. Saura mini zango guda, kuma a cikinsa ne babban darasin kwamfuta yake, wanda sau ɗaya ake koyar da shi a shekara.

A tsakiyar zangon nan na dawo ɗaki na tarar ba kwali. Mai shara ta ga tarkacen kati ta kwashe. Na same shi a babbar bola ta bayan gini, cikin ragowar abinci. Na tsince katunan ɗaya bayan ɗaya na goge, na ce wannan ajiya ta isa haka. Kun san yadda muke yi da takarda mai sunan Allah in ta tsufa: ko a binne, ko a ƙone a binne tokar. Na aro shebur na je bayan filin ƙwallo, ashe ƙasa ta daskare, ƙarfe na bugawa yana tsalle. Saura ƙonawa.

Na zaɓi safiyar Lahadi, lokacin da kowa ya tafi coci, don kada in dami kowa. Na fara gwadawa a waje, iska ta kashe mini ashana har kwalin ya kusa ƙarewa, yatsuna sun daina jin komai. Sai na shiga ɗan kicin ɗin gidan kwananmu, na zuba katunan cikin tukunyar da nake dafa shinkafa, na kunna. Katin nan kauri gare shi, da farko hayaƙi kawai yake yi, can sai ya tashi gaba ɗaya ya kama labulen taga. Wata ƙararrawa ta ɗauka wadda ban taɓa jin irinta ba. Ruwa ya ɓalle daga rufin ɗaki, ashe bututu ne suke sawa don gobara, ya jiƙa ni, ya jiƙa bene, ya gangara ɗakunan mutane. Kafin in fito motar 'yan kwana-kwana ta iso. Majami'ar kuwa tsallaken titi take, suna tsakiyar waƙa suka fito duka, da shugaban jami'a da matarsa da dattijuwar nan mai biskit. Suka same ni tsaye cikin ƙanƙara, ruwa na ɗiga daga jikina, na rungume tukunya.

Ku yi dariyarku, a nan kuke katse ni kullum.

Aka kira ni gaban kwamiti. Shugabansa tsohon fasto ne mai farin gashi, shi ke kula da tarbiyyar ɗalibai. Ya fara da yi mini addu'a, da sunana. Turancina ya gudu ranar, Bitrus ne ya tsaya ya yi musu bayanin abin da na ƙona da dalili. Tsohon ya cire tabarau ya goge ido, ya ce mahaifiyarsa har ta mutu ba ta taɓa yarda a ɗora ko kofi a kan littafinsu mai tsarki ba, saboda haka ya gane. Bitrus ya taka mini ƙafa ya ce da Hausa, "Gaya musu maganar Baba." Ban so ba, ina jin nauyin in kai lalurar mahaifina gaban baƙi in nemi sassauci da ita. Amma na faɗa. Sannan tsohon ya ce dokar wuta doka ce, masu inshorar ginin ma ba za su yarda ba, an dakatar da ni har ƙarshen zango. Ban taɓa ganin mutanen da za su yi maka addu'a da hawaye su kuma kore ka a zama ɗaya ba. Washegari majami'a guda ta yi wa idon Baba addu'a, Bitrus ne ya gaya mini, don ni ba ni da kujera a lokacin.

Ƙarshen zango a bakinsu ƙaramin abu ne. A wurina shekara ce, tunda darasin kwamfuta sai ya sake zagayowa. Tikitin komawa kuwa gwamnati ba ta bayarwa sai ka nuna takardar gamawa. Duk da haka na yi niyyar in sayar da abin da nake da shi in taho. Na yi kaset na gaya wa Baba an ƙara mini shekara, ban faɗi dalili ba, na ce in ya yarda gobe zan kamo hanya. Amsar ta daɗe ba ta zo ba. Da ta zo, magana ɗaya ce: "Kak ka dawo min da rabin karatu biyu. Ƙare wanga, mu ga abin da Allah za shi yi."

Shekarar nan ba ni da abin faɗi a kanta. Na kwana a falon Bitrus, na yi aiki a gonar wani ɗan cocinsu ina kwashe kashin shanu, na biya sauran darussan da sanyi ya sake shigowa. Kaset ya riƙa zuwa, amma Baba ya daina maganar ido, gaisuwa kawai da addu'a. Na tambayi Sani, ya ce Baba lafiya lau. Da darasin ya zagayo na koma ajin Misis Hansin. Duk ƙarshen wata takan kira ni bayan ginin, ta ajiye bokitin ƙarfe, ita kuma ta tsaya da bokitin ruwa a hannu, in ƙone jajayen katina tana kallo. Ta samo mini tukunyar fulawa mai ƙasa a ciki inda nake binne tokar. Allah ya saka wa matar nan.

Aikina na ƙarshe tsarin biyan albashi ne na wani ofishin da babu shi. Na cika shi da sunayen mutanen Kebbe, na ba kowa matsayi, Sani ma na yi masa babban sakatare. Injin ya karɓa, ya fitar da takarda ba kuskure ko ɗaya. Na tsaya ina jiran in ji daɗi, ban ji ba. Aka sa mana hula mai faɗin kai aka ɗauki hoto. Rahila ta yi kuka a tashar bas, Bitrus ya ce, "Sakkwato, ka gaishe mini da Baba, ka ce ɗansa na Filato."

A Kano ma'aikacin kwastan ya buɗe kwalin katunan aikina, ya zaro ɗaya ya ɗaga sama. Ya ce, "Gara ce ta ci?" Na ce a'a, karatun ke nan. Ya ce, "Shekara nawa?" Na ce uku. Ya dube ni, ya dubi katin, ya rufe kwalin da kansa ya ce in wuce, Allah ya ba da haƙuri. Ofis kuwa kun sani, an ƙara mini girma, an ba ni tebur da tafireta. Kwamfutar an ce an yi odarta.

Ban kwana Tambuwal ba, na wuce Kebbe. Baba na zaune a zaure inda na bar shi, fuskarsa na kallon ƙofa. Na yi sallama, ya amsa da ƙarfi, ya miƙo hannu. Sai dai ba inda nake ya miƙo shi ba. Na matsa na kama hannun, na durƙusa. Daga baya Sani ya gaya mini idon ya kai har bayan an cire amfanin gona, sannan ya rufe, kuma Baba ne ya hana a faɗa mini. Na yi lissafin da ba na so in yi. Da na dawo a kan lokaci da mun samu damina guda da lokacin kaka, kuma da sun ishe mu.

Bayan an watse na ba shi labarin tukunya, tun daga jan kati har kwamiti. Bai yi dariya ba, bai yi faɗa ba. Ya ce in ba shi katin ya ji. Na sa masa ɗaya a hannu, ya bi ramukan da yatsa a hankali.

"Wanga ko makaho na iya bin shi," in ji shi. "Masu sunan Allah, ka ƙone su dut?"

"Dut, Baba."

"Ba wanda kab bari ana takawa?"

"Babu."

"To madalla. Su ko da sunka yi min addu'a, Allah shi saka musu. Ɗauko gafaka."

Ga yadda muke yi yanzu, duk ƙarshen mako. Ni ke riƙe da warƙa. In karanta layin littafin, wannan Baba ya san shi kamar sunansa. In mun zo hashiya sai in kama tafin hannunsa in zana masa abin da nake gani da yatsa, lanƙwasa-lanƙwasa, yadda kaka ya ja alƙalami. Wani lokaci tun ban gama ba sai ya ce, "Tsaya, na gane," ya karanto mini jimlar duka, har da sunan garin da aka yi gardamar, in rubuta. Wani lokaci ya ce in sake. In sake. Ya juya hannun, ya ce in gwada da girma. Sannan ya ce, "Wuce, Mai sunan Malam. Wanga ya tafi da mai shi." Sai in bar fili a takardata in wuce. Babin gado a kwafina fili ya fi rubutu yawa.

To kun ji Amurka. Akwai ƙanƙara, na shiga coci, ban ci alade ba, kuma mutanen ba su cuce ni ba. Abin da ya dame ni ba a can yake ba.

Asabar ɗin da ta wuce mun kai wata warƙa da kaka ya cika gefenta har ba wurin sa yatsa. Na zana, Baba ya ce wuce. Na zana na gaba, ya ce wuce. A na bayansa sai ya ce in ba shi warƙar. Ya ce in fitar da shi tsakar gida. Hantsi ne, rana ta yi ƙarfi. Ya ɗaga ta kusa da fuskarsa yadda ya saba, ya daɗe a haka, ina tsaye riƙe da gwiwar hannunsa. Can ya miƙo mini ita ya ce, "Hannun Malam da kyau shike, ko?"

Na ce, "Da kyau, Baba."

A juye ya riƙe ta tun farko. Ban gaya masa ba.